Burodin da ba a murzawa: ki kwaɓa da dare, ki gasa da safe

Uwargida, idan tsoron murza ne ya hana ki yin burodi a gida, ga wanda ba ya neman ƙarfin damtse ko inji. Ga tsadar burodi kuma, kin fi kowa sanin yadda yara ke gamawa da guda kafin shayi ya huce.

Wani mai gidan burodi a birnin New York na Amurka, Jim Lahey, shi ya yi suna da wannan hanya bayan jaridar New York Times ta buga ta a 2006. Amma ke da kike barin ƙullun waina ya kwana, ko kwaɓin funkaso ya tashi, ba baƙon abu ba ne a wurinki. Danƙon da murza ke kawowa, fulawa tana yin sa da kanta idan ta sha ruwa sosai kuma aka ba ta lokaci.

Ki zuba fulawa kofi 3 a roba, gishiri cokalin shayi ɗaya da ɗan ƙari, yis rubu'in cokalin shayi, sai ruwa kofi ɗaya da rabi. Ki juya da muciya har garin ya ɓace, ki rufe.

A nan ake yawan kuskure. Kwaɓin zai yi ruwa-ruwa, yana kama hannu, zuciyarki za ta ce ki ƙara fulawa. Kada ki ƙara, in ba haka ba dutse za ki gasa. Yis ɗin ma kada ki raina shi. Da gangan aka rage, don ya yi aiki a hankali, ɗanɗano ya fito.

Ainihin ƙa'idar awa 12 zuwa 18 ce, amma a ƙasar sanyi aka tsara ta. Da hunturu ki bi ta. Da bazara kuwa kwaɓi na gudu, sai ki bi idonki: in ya ninka, samansa ya cika da ƙananan ƙofofi, ya isa. In ya wuce, zai yi tsami ya zube.

Ki barbaɗa fulawa a faranti, ki juye, ki naɗe shi sau biyu ko uku, ya huta kamar awa ɗaya. Kafin nan ki sa tukunya mai kauri da murfinta a oben su yi zafi sosai, maki 230. Ki tabbata babu hannun roba. Ki sa kwaɓin, ki rufe minti 30, ki buɗe minti 15 zuwa 20 ya yi ja. Tururin da murfin ya tsare ne ke ɗaga shi. Babu oben? Ki yi yadda ake gasa kek: yashi a babbar tukunya, garwashi ƙasa da saman murfi.

Gaskiya ɗaya: bayansa na da tauri, kuma ba shi da zaƙin na kanti. Yaran da suka saba da mai laushi za su iya ɓata rai ranar farko. Ki shafa masa bota da zafinsa ki lulluɓe da tsumma mai tsabta, zai yi laushi. Kada ki yanka sai ya huce, ko da suna tsaye a kanki. Wanda ya kwana biyu ya bushe, ki tsoma a ƙwai ki soya.