SAWAKIN: MASHIGAR ALHAZAN DA A BAKIN BAHAR MALIYA

Bayan godiya ga Allah Maɗaukakin Sarki, da salati ga fiyayyen halitta (S.A.W.), ya kai ɗalibi mai karatu, a wannan fitowa za mu leƙa wani gari na bakin teku wanda ba kasafai ake ambatonsa a aji ba, alhali kuwa ƙila kakanka ya kwana a cikinsa. Sunan garin Sawakin.

Sawakin tana ƙasar Sudan, a gaɓar Bahar Maliya, kimanin kilomita 60 kudu da Fot Sudan. Daga nan zuwa Jidda kilomita 300 ne da 'yan kai a kan ruwa. Garin kashi biyu ne. Akwai ɗan tsibiri kewayayye a tsakiyar ruwa, nan ne tsohon gari. Akwai kuma ɓangaren tudu da ake kira Gaif. Wata 'yar hanya da aka cike a kan ruwa ita ta haɗa su.

Abin da baƙi suka saba gani

Baƙon da ya zo yawon buɗe ido, tsibirin yake dosa. Zai ga kangaye na gidajen bene, da tsohon gidan kwastan, da masallatai biyu, na Hanafiyya da na Shafi'iyya, waɗanda Turkawa suka gyara. Shugaban Turkiyya ma, Rajab Ɗayyib Erdogan, ya ziyarci wurin a Disamba 2017. Baƙo ya ɗauki hoto, ya koma mota, shi ke nan a wurinsa ya ga Sawakin.

To amma me ya mai da gidajen kangaye? An gina su ne da dutsen murjani. Ba jan murjanin nan na wuyan amare ba, a'a, wani farin dutse ne mai ƙofofi kamar soso, wanda wasu ƙananan halittun ruwa suke tarawa a ƙarƙashin teku. A sassaƙa shi a yi gini, a ƙona wani a sami farar ƙasa ta yaɓe. Ka san gidan ƙasa a wurinmu, in aka yi shekaru ba a yi masa yaɓe ba, damina za ta cinye shi. Haka nan ginin murjani: da yaɓen ya zube, sai iska mai gishiri ta shiga ƙofofin dutsen ta rududduge shi.

Masu yaɓen kuwa sun tashi. Mashigar Sawakin ƙunci gare ta, ga duwatsun murjani dama da hagu, manyan jiragen ruwa ba sa jin daɗin shiga. Saboda haka Turawan Ingila suka gina sabuwar tasha, wato Fot Sudan, aka buɗe ta a 1909. Attajirai suka kwashe suka koma can, gidaje suka zauna ba kowa.

Ƙetara zuwa Gaif

Kai kuma in Allah Ya kai ka, kada ka tsaya a kangaye. Juyo ka shiga Gaif, nan rai yake. Mutanen da za ka fi gani Beja ne, musamman Hadandawa, makiyayan raƙuma masu harshensu na daban wanda ba Larabci ba. Su a bakinsu sunan garin Usuk, ma'ana kasuwa. Za ka kuma ji masu cewa wai kurkukun aljanu ne tun zamanin Annabi Sulaimanu (A.S.). Wannan labarin hira ne, kada ka rubuta shi a jarrabawar tarihi.

A kasuwa nemi mai jabana. Gahawa ce ake soyawa nan take, a daka da citta, a dafa a 'yar tukunyar ƙasa mai dogon wuya, a zuba a ƙananan finjalai. Ba a shanta a tsaye, sai an zauna an gaisa. Akwai kuma wani gashin nama da ake shimfiɗawa a kan duwatsu masu zafi, ɗan'uwan balangu, sunansa salat. Ku masu karatun Ajami ku lura: da sinun ake rubuta shi, ba da sadi irin na salla ba.

Ka gangara bakin ruwa da sassafe ka ga masunta suna sauke kifi daga kwale-kwale da sambuk, wato jirgin katako irin na Larabawa. Ka tambayi inda ruwan sha yake fitowa, domin shi ne tsohuwar matsalar garin. Ibnu Baɗuɗa, wanda ya sauka a nan wajen 1330, ya ba da labarin cewa tsibirin ba ruwa, ba shuka, ba itace, a jirgi ake kawo ruwa, kuma mai mulkinsa a lokacin ɗan Sarkin Makka ne. Ka ga ashe dangantakar Sawakin da Makka tsohuwa ce.

Sawun kakanninmu

Kafin jirgin sama ya zama ruwan dare, maniyyaci daga Kano ko Sakkwato ko Damagaram ƙafa yake sawa. Ya bi ta Maiduguri, ya ƙetara zuwa Fot Lami, wadda yanzu ake kira Injamena, ya wuce Abashe, ya shiga Darfur, ya kai Al-Ubayyid. Tun 1912 akwai jirgin ƙasa a can, mai kuɗi ya hau, marar kuɗi ya ci gaba da tafiya. Guzuri yakan ƙare a hanya. Sai mutum ya tsaya ya yi ƙwadago, da yawa a gonakin auduga na Jazira, ya tara na gaba. Shi ya sa aikin Hajjin da yau ake gamawa cikin 'yan makonni, a da yakan ci shekaru, har a haifi yara a hanya.

Ƙarshen tudu shi ne Sawakin. A nan hukuma take killace maniyyata a wurin da ake kira karantina, a yi musu lambar agana da allurar kwalara, a duba takardu, sannan su hau jirgi. Wanda bai da takarda ko kuɗin babban jirgi yakan yi kasada ya bi sambuk da dare, wasu sun isa, wasu teku ta zama kabarinsu. Allah Ya jiƙansu. Wasu kuma suka zauna a Sudan ɗungurungum, jikokinsu na nan har gobe, ana kiransu Takari ko Fallata, da yawansu suna jin Hausa. In ka yi sallama da Hausa a kasuwannin gabashin Sudan, kada ka yi mamaki in an amsa maka.

Tashar ba ta mutu ba. A 1991 aka buɗe sabuwa da sunan Usman Digna, jarumin Hadandawa kuma kwamandan Mahadi, wanda ya tsare Sawakin da yaƙi tun daga 1883. Ta nan aka riƙa ɗaukar fasinja zuwa Jidda, tare da tumakin da ake kaiwa Saudiyya. A Yuni 2022 wani jirgi da aka yi wa lodi fiye da kima ya nutse a tashar da tumaki sama da 15,000, mutanen ciki dai suka tsira. A Afrilu 2023 kuma yaƙi ya ɓarke a Sudan, dubban mutane suka gudo wannan gaɓa suna neman hanyar ƙetarewa. Mu sa 'yan'uwanmu na can a addu'a.

Aikin gida

Ga abin da muke so ka yi. In akwai tsoho ko tsohuwa a gidanku ko unguwarku da ya yi Hajjin ƙasa, ko ya ji labarin daga iyayensa, je ka durƙusa ka gaishe shi. Tambaye shi garuruwan da aka bi, da shekarun da aka yi, da waɗanda aka baro a hanya. Rubuta da Ajami ko boko, ka kawo wa malaminka. Masu wannan labari ƙarewa suke yi, kuma abin da ba a rubuta ba, da mai shi ake binne shi. Sannan ka buɗe Suratul Hajji, aya ta 27, ka roƙi malam ya fassara maka ita, ka gwada da abin da tsohon ya faɗa.

Ku kuma iyaye, ku taimaka musu da abin da kuka sani.

Allah Ya zaunar da Sudan lafiya, Ya kai mu ɗakinSa mai alfarma, amin. Wassalamu alaikum.