Shekara 25 ga Wanda Bai Yi Laifi Ba, Kwana 5 ga Wanda Ya Ɓoye Shaida

Ranar 13 ga Agusta, 1986, aka tsinci gawar Christine Morton a kan gadonta, a gundumar Williamson ta jihar Texas a Amurka, an yi mata dukan da ya raba ta da duniya. Mijinta Michael ya ce tun da asuba ya fita aiki, ya bar ta da rai. Babu makamin da aka kama shi da shi, babu wanda ya gan shi, bai kuma taɓa yin laifi ba. Amma babban mai gabatar da ƙara na gundumar, Ken Anderson, ya tsara wa kotu labari: wai matar ta juya wa mijin baya a shimfiɗa a daren zagayowar ranar haihuwarsa, shi kuma ya huce a kanta. A 1987 aka yanke masa ɗaurin rai da rai.

Abin da kotu ba ta ji ba yana nan kwance cikin takardun masu bincike. Ɗan ma'auratan, yaro ɗan shekara 3, yana gida lokacin da abin ya faru. Ya gaya wa kakarsa cewa wani dodo ne ya doki mamarsa, kuma babansa ba ya nan. Kakar ta sanar da ɗan sanda mai bincike, aka rubuta maganar, aka ajiye. Maƙwabta sun ba da labarin wani mutum da ke ajiye koriyar mota a bayan gidan ya shiga cikin itatuwa. Shi ma aka rubuta. Lauyoyin Morton sun yi zargin ana ɓoye musu wani abu, har alƙali ya ba da umarnin a kawo masa rahotannin mai binciken ya duba da kansa. Abin da aka miƙa masa bai ƙunshi waɗannan bayanai ba.

Dokar kuwa a fili take. Tun 1963, a shari'ar Brady da jihar Maryland, Kotun Ƙolin Amurka ta ce wajibi ne mai gabatar da ƙara ya miƙa wa ɓangaren wanda ake tuhuma duk wata muhimmiyar shaida da za ta taimake shi. Dalilin ba ɓoyayye ba ne. 'Yan sanda ne ke fara isa inda aka yi ɓarna, su ke tattara kaya, su ke jin ta bakin maƙwabta tun abin yana sabo. Lauyan mai kare kai abin da aka nuna masa kaɗai yake gani. Sai dai akwai rami a cikin wannan doka: wa ke tantance cewa shaida muhimmiya ce? Shi dai mai gabatar da ƙarar, wanda tuni ya gamsu da laifin mutumin, kuma yake so ya ci shari'a. A yawancin jihohin Amurka zaɓensa ake yi da ƙuri'a, yawan waɗanda ya tura kurkuku shi ne abin da yake kamfen da shi. An bai wa kura ajiyar nama ke nan.

Akwai wani ƙyalle mai jini, irin wanda ake ɗaurawa a kai, da aka tsinta ba nisa da gidan. A 2005 lauyoyin ƙungiyar Innocence Project, tare da wani lauya mai suna John Raley, suka nemi a yi gwajin ƙwayoyin halitta na DNA. Wanda ya gaji kujerar Anderson, John Bradley, ya yi ta turjiya har kusan shekara 6. Wannan ɓangaren labarin ya fi ci mini rai, domin in dai an tabbata an kama mai laifi, me ake tsoro a gwaji? Da aka yi shi a 2011, sai ga jinin Christine tare da DNA ɗin wani mutum dabam, Mark Alan Norwood. Aka saki Morton ranar 4 ga Oktoba, 2011, bayan kusan shekara 25. Ɗansa ya girma a hannun dangin uwarsa, yana ɗaukar cewa ubansa ne ya kashe ta.

Hasarar ba ta tsaya a gidan Morton ba. A watan Janairun 1988, bayan an rufe bincike an kulle marar laifi, aka kashe wata mata mai 'ya'ya a birnin Austin, ita ma da duka, a kan gadonta. Norwood ne. An same shi da laifin kashe Christine a 2013, da na wannan matar a 2016. Duk ranar da aka ɗaure wanda bai ji ba bai gani ba, an daina neman wanda ya aikata, kuma yana nan yana yawo cikin jama'a.

Shi kuwa Anderson, kafin nan ya riga ya zama alƙali. A Nuwamban 2013 aka hukunta shi da laifin raina umarnin kotu: ɗaurin kwana 10, tarar dala 500, aikin al'umma na awa 500, da ajiye lasisin lauya. Kwana 5 ya yi aka sallame shi. Duk da ƙanƙantar hukuncin, labari ne da ya karaɗe Amurka, saboda da wuya a ji an kulle mai gabatar da ƙara a kan irin wannan. Tun 1976 Kotun Ƙoli ta ba su kariya daga ƙarar neman diyya a kan aikin da suka yi a gaban kotu. Ga wani misali: John Thompson na New Orleans ya shekara 18 a ɗaure, 14 daga ciki yana jiran kisa, kafin ya fita. Saura makonni a kashe shi aka bankaɗo sakamakon gwajin jini da aka ɓoye. Kotu ta ba shi diyyar dala miliyan 14 daga ofishin masu gabatar da ƙara, amma a 2011 Kotun Ƙoli ta soke ta, alƙalai 5 suka rinjayi 4.

Kada a ɗauka waɗannan shari'u biyu tsautsayi ne kawai. Wani rahoto na 2020 daga rajistar da ke tattara bayanan waɗanda aka wanke bayan hukunci a Amurka ya duba shari'u 2,400. A kashi 54 cikin 100 an sami rashin gaskiyar jami'an hukuma, kuma a kusan kashi 30 masu gabatar da ƙara na da hannu. Ɓoye shaida shi ne ya fi yawa.

Morton bai koma gida ya yi shiru ba. Ya bi 'yan majalisar jiha, har Gwamna Rick Perry ya sa hannu a 2013 kan dokar da ke ɗauke da sunansa, wadda ta fara aiki ranar 1 ga Janairu, 2014. Ta ƙwace wa mai gabatar da ƙara ikon zaɓen abin da zai nuna: rahoton 'yan sanda da bayanan shaidu dole a buɗe wa lauyan mai kare kai idan ya nema, kuma duk shaidar da ke wanke mutum dole a miƙa ta ko da bayan an yanke hukunci ta ɓullo. Dokar ta jihar Texas ce kaɗai. Sauran jihohi kowace da nata tsarin, kuma a wasunsu har yanzu mai gabatar da ƙara ne ke duba takardunsa shi kaɗai ya yanke abin da ya cancanci fitowa.