Wa ya faɗa wa kwamfuta sunan faifai?

Akwai gardamar da ta ƙi mutuwa a rumfunan masu tura waƙoƙi, daga Araba har cikin kasuwar Illela. In aka zura faifan Bob Marley, nan take kwamfuta ta raɗa masa sunan kundinsa, ta jero waƙoƙin ɗaya bayan ɗaya. In na Musa Ɗanƙwairo ne ko Ɗan Anace, sai ta ce Track 01, Track 02, ta yi gum. Wasu sun ce wariya ce. Wasu kuma, kuma su ne suka fi ban haushi, sun rantse na'urar saurare take yi tana kai rahoto Amurka.

Ba ta jin komai. Hasali ma, a tsarin da kamfanonin Philips da Sony suka shata wa faifan CD a 1980, ba a tanadi gurbin suna ba. Abin da ke farkon faifan ɗan jadawali ne kawai: waƙoƙi nawa ne, kuma ina kowace ta fara, ana auna wurin da kashi ɗaya cikin 75 na daƙiƙa. An zo da CD-Text a 1996 don a riƙa rubuta suna a ciki, amma masu buga faifai da yawa ba su kula shi ba.

To ina take samo sunan? Ɗauki ma'aikacin kan iyaka da ya saba da motocin da ke shigowa daga Ƙonni. Bai kwance buhu ko ɗaya ba, amma da ya ga yawan buhunan da nauyin kowanne, sai ya duba littafinsa ya ce kayan wane ne. Haka kwamfuta ke yi. Takan haɗa yawan waƙoƙi da tsawonsu ta fitar da lamba, ta tura ta intanet zuwa wani rumbun bayanai, rumbun ya maido da suna. Shi ya sa in ba data, ba suna. Shi ya sa kuma wani lokaci faifan wa'azi kan fito da sunan mawaƙin wata ƙasa: lissafinsu ne ya zo ɗaya, ba bairos ba ne, kada a yi saurin goge kwamfuta.

Wasu mutum biyu, Ti Kan da Steve Scherf, su suka kafa rumbun farko mai suna CDDB a shekarun 1990, kuma masu sauraro ne suka cika shi da hannunsu, kyauta. Daga baya ya koma kamfanin Gracenote, wanda Sony ta saya a 2008 kan kusan dala miliyan 260. Jin haushin mayar da gumin jama'a hajar sayarwa ya sa aka buɗe MusicBrainz a 2000, wanda har gobe kowa na iya shiga ya ƙara abin da ya sani.

Ke nan Ɗanƙwairo bai fito ba ne don babu wanda ya zauna ya rubuta shi. Ga shi faifan namu galibi kwafi ne, kowane mai shago da jerin da ya ga dama, don haka lambar wannan ba ta dacewa da ta wancan. Ma'aikatun al'adu suna da kuɗin shirya biki, amma ban ga suna rububin wannan aikin na zama da rubutu ba.

Mu ma da namu. Yanzu da aka koma memori, fayil ɗin MP3 yana da gurbin sunan mawaƙi da na waƙa da shekara. Buɗe wayarka ka duba abin da aka cusa a wurin: sunan shagon da ya tura maka, da lambar wayarsa.