Kunyar Ɗan Fari da Haƙƙin Ɗan Fari

Tun da Allah ya ba mu ɗanmu na fari a farkon daminar da ta wuce, abokan aikinmu ba su daina yi mana ba'a ba, wai mun zama ungozoma, domin sun ga katin awon jariri a aljihunmu. Mun haƙura da ba'ar. Amma da ya ke akawuna da malaman makaranta da yawa masu karanta wannan jarida samari ne da ke jiran irin wannan rana, mun ga ya kamata mu bayyana musu abin da wata shida su ka koya mana a ƙasar Haɗejiya, ko wani ya tsira daga kuskuren da mu ka yi.

Kowa ya san al'adarmu game da ɗan fari. Uba ba ya faɗin sunansa, ba ya ɗaukarsa a gaban mutane, in an tambaye shi lafiyarsa sai ya sunkuyar da kai ya kawo wata magana. Mai jego kuwa ta kan yi wankan gida wurin iyayenta har ta yi arba'in. Aikin uba, in ji manya, shi ne ya kawo itacen wanka da ƙauri da kayan yaji, da ragon suna ran kwana bakwai, ya sallami wanzami da maroƙa, sa'an nan ya koma gefe. Mu ma haka mu ka yi, kuma ba mu raina wannan al'ada ba. Yarinyar da ba ta taɓa haihuwa ba, babu inda za ta sami hutu kamar ɗakin uwarta, kunya kuwa ado ce ga mutum.

To, gidan surukanmu yana wani ƙauye ne cikin fadama, gabas da birni. Kogin Haɗejiya ya taso daga ƙasar Kano, inda kogin Kano da na Challawa su ka haɗu, in ya wuce birninmu sai ya rarrabu ya malale cikin fadamu har wajen Nguru. Daga wannan ruwa mu ke samun shinkafa da kifi da makiyaya. Amma tun da a ka gina madatsar Tiga a 1974, da ta Challawa a 1992, tafiyar ruwan ta sake. Ya kan zauna cikin waɗansu hanyoyinsa rani da damina, ciyawar kacala ta tsiro ta toshe su, in ruwan sama ya yi ƙarfi sai kogi ya rasa mafita ya hau gonaki da gidaje. Mutanen Auyo da Kafin Hausa da Guri da Kiri Kasamma ba za su manta da ambaliyar 2020 da ta 2022 ba. Inda ruwa ya kwanta kuwa, nan sauro ke sarauta.

Mun san duk wannan, har mun sayi sabon gidan sauro tun kafin haihuwa. Amma da lokacin kai shi ya yi, sai zuciya ta ce mana, yaya za ka shiga gidan surukai da kayan ɗan fari a hannu, kamar kana cewa ba su iya reno ba? Sai mu ka ninke shi mu ka sa a akwati, a kan gobe za mu sami ɗan aike. Goben nan ta kai wata biyu. Arba'in ta cika, ruwa ya yanke hanyar mota, mai jego ba ta sami dawowa ba.

Wata rana da asuba cikin watan Agusta, ƙanen matarmu ya buga mana waya, ya ce, "Yaya, jikin yaron nan ya yi zafi tun jiya, ya ƙi kama nono." A ranar nan ba mu tuna da kunya ba. A kwalekwale a ka fito da su zuwa tudu, mu ka tarye su da babur, mu ka karɓi yaron da hannunmu a gaban surukarmu, mu ka nufi asibiti. Gwajin jini ya nuna zazzaɓin cizon sauro ne. Ya kwana uku a gado, Allah ya ba shi lafiya. Maganin rigakafin da a ke rabawa gida gida da damina, na yara ne daga wata 3 zuwa ƙasa da shekara 5, watau ɗanmu bai kai ba. Garkuwar da ta rage masa ita ce gidan sauron da ke cikin akwatinmu.

Kwana ukun nan sun zama mana makaranta. Mun ji daga bakin malaman asibiti cewa jaririn da bai kai wata 3 ba, in jikinsa ya yi zafi, ba a jira gari ya waye ana jiƙa saiwa. Mun ji cewa dakashin da tsofaffi kan matse su zubar, shi ne rigakafin farko da Allah ya tanadar wa jariri, kuma nono kaɗai ya ishe shi har wata 6, ko ruwa ba ya bukata, balle ruwan fadama. Wata malama ta ga ƙafafun matarmu sun kumbura, ta tambaye ta ko tana shan kunun kanwa. Tun cikin shekarun 1970 likitocin Jami'ar Ahmadu Bello ta Zariya su ka lura da yawan ciwon zuciya ga masu jego, su ka danganta shi da yawan kanwa, wadda gishirinta ke tara ruwa a jiki, da kuma tsananin zafin wanka da gadon wuta.

Ga kuma lissafin allura, wanda ya dace da akawu ya riƙe: ran haihuwa, da mako 6, da mako 10, da mako 14, sa'an nan wata 9 ta ƙyanda da shawara. Ku lura, mako 6 kwana 42 ne, watau kwana biyu bayan arba'in, lokacin da hankalin kowa ke kan komawar mai jego ɗakinta. Haka tamu ta wuce mu, sai da a ka rama. Wanda ke shakkar amfanin rigakafi ya tuna da shan inna, wadda ta gurgunta yaranmu shekara da shekaru, har a ka tabbatar a watan Agusta 2020 cewa asalin ƙwayarta ta gushe daga Afirka.

Kada mai karatu ya zaci mun tsaya gaban surukarmu muna karanta mata waɗannan abubuwa. Abin da babba ya hango, yaro ko ya hau rimi ba zai hango ba, kuma ita ce ta hana idonta barci kwana sittin saboda jikanta. Goggonmu mu ka roƙa, ta je ta same ta, su ka yi magana irin ta manya. A ka rage kanwa, a ka sassauta zafin ruwa, ba wanda ya ji an muzanta shi.

Binciken lafiya na ƙasa na 2018 ya nuna yara 132 cikin kowace 1,000 ba su kai shekara 5 a Nijeriya, a nan Arewa maso Yamma kuwa abin ya fi haka. Ba mata kaɗai za su ɗauki wannan nauyi ba, tun da kuɗin mota da izinin fita duk a hannun mai gida su ke. Addini ya ɗora wa uba ci da tufafin mai shayarwa. Gwamnatin Tarayya ma ta amince a 2021 da hutun kwana 14 ga ma'aikatanta maza idan an yi musu haihuwa. Takardar haihuwa kuma, ta Hukumar Ƙidayar Jama'a, malamai sun fi kowa sanin wahalar yaron da ya zo shiga makaranta ba shi da ita.

Yau yaron ya fara zama, in ya ji motsin babur ɗinmu sai ya waiwayo yana dariya. Har yanzu ba mu faɗi sunansa a gaban mutane ba, kuma ba mu da niyyar faɗi. Amma kowane dare mu ke duba gidan sauronsa da hannunmu, katinsa kuwa yana aljihu, allurar wata 9 tana tafe. Allah ya raya mana su duka, ya sa su zama masu jin ƙanmu. Amin.