Farar Wutar da ke Ɓoye a Cikin Fetur

Mai babur ko mai injin ban ruwa a garin Ƙofa, idan ya tsaya wajen 'yan bumburutu, yakan ɗaga kwalba ya dubi launi, ya ɗan shinshina, ya ce mai ya yi. Amma ba a gane yawan farar wutar da ke cikin mai da ido ko da hanci, kuma ita ce ke cin inji da ƙirjin mai shi sannu a hankali.

Tun daga ƙarƙashin ƙasa take biyo ɗanyen mai. A matata, idan an dafa ɗanyen man, wani sashe marar nauyi da ake kira nafta yakan rabu, shi ne tushen fetur. Sai a haɗa shi da iskar haidirojin, a zafafa shi zuwa digiri 300 ko fiye, a tura shi ta cikin wasu ƙwayoyi masu ɗauke da ƙarfen kobal da molibdinam. A nan farar wutar ke sakin man ta kama iskar, ta zama wata guba mai warin ruɓaɓɓen ƙwai. A janye ta, a mayar da ita garin farar wuta, har masu yin takin zamani su saya. Aikin na cin kuɗi, shi ya sa wasu dillalai suka daɗe suna jibge wa Afirka man da ba a wanke sosai ba.

Tun 2009 Turai ta ƙayyade farar wutar da ke cikin mai kada ta wuce kashi 10 cikin miliyan. A 2016 ƙungiyar Public Eye ta Suwizalan ta gwada mai a ƙasashen Afirka 8, har da Benin da Gana da Mali, ta tarar da dizal da ya ninka wannan iyaka sau 378. A 2020 ECOWAS ta tsayar da kashi 50 cikin miliyan. A nan gida, matatar Kaduna ta 1980, wadda ya kamata ta riƙe mu a Arewa, ta shekara da shekaru a kwance. Ta Dangote kuwa sai a Satumban 2024 ta fara fitar da fetur. Sa ido a kan inganci yana wuyan hukumar NMDPRA.

Hayaƙin mai farar wuta yana tayar da asma, yana sa tari da ƙaiƙayin ido, musamman ga yara, tsofaffi da matan da ke yini a gindin injin niƙa. A cikin inji kuma yana lalata baƙin mai da salansa.

Babu wani ruwan kwalba da za a zuba a tanki ya cire ta. In ba a cire a matata ba, shi ke nan. Don haka a fi son gidan mai mai rajista, a Kankiya ko Kusada, inda akwai wanda za a tuhuma. Janareta kuwa, ko da man ya fi kowane tsabta, kada a kunna shi a ɗaki, shago ko zaure. Hayaƙinsa na ɗauke da wata iska daban marar wari, mai kashe mutum yana barci.