Zazzaɓi Bayan Allurar Rigakafi: Saƙon da Jiki Ke Aika wa Dakarunsa

Iyaye maza da mata, sau da yawa yaro kan yi zazzaɓi a daren da aka yi masa allurar rigakafi, wurin allurar kuma ya ɗan kumbura. Wannan kan sa wasu iyaye su ƙi komawa don karɓar sauran allurai. Sanin abin da ke faruwa a jikin yaron zai kwantar da hankali.

Su wane ne dakarun jiki?

A cikin jini akwai fararen ƙwayoyin jini waɗanda ake ƙera su a ɓargon ƙashi. A ɗigon jinin baligi mai lafiya da bai kai kan allura ba, akan sami tsakanin 4,000 zuwa 11,000 daga cikinsu. Kashi-kashi ne. Mafi yawa su ne nutrofil, masu riga kowa isa fagen fama. Makrofej kan haɗiye ƙwayar cuta su narkar da ita. Limfosait kuwa su ke haɗa makamin da ya dace da kowace cuta, su kuma riƙe kamanninta shekara da shekaru.

Yaya suke jin kira?

Dakarun nan suna magana da juna ta hanyar wasu ƙananan sinadarai da likitoci ke kira saitokin. Aikinsu kamar na mai shela ne a gari. Ɗaya daga cikin na farko da aka gano shi ne intafiron, wanda Alick Isaacs da Jean Lindenmann suka bayyana a Landan a 1957.

Da zarar ƙwayar cuta ta shiga jiki, makrofej da ke wurin sai su saki wannan shela. Ƙananan jijiyoyin jini su buɗe, jini ya ƙaru, wurin ya yi ja, ya yi zafi, ya kumbura. Nutrofil su ratsa bangon jijiya su bi ƙanshin saƙon har inda abokin gaba yake. Mugunyar da ake gani a ƙurji, galibinta gawarwakinsu ne. Wasu saƙonnin, irin su intalukin na 1 da na 6, sukan isa ƙwaƙwalwa su sa ta ɗaga zafin jiki sama da awo 37 da aka saba. Wannan shi ne zazzaɓi. Kaluluwa kuma alama ce ta cewa limfosait suna hayayyafa.

Me allurar rigakafi ke yi?

Allurar tana ɗauke da ƙwayar cuta da aka kashe ko aka raunana, ko wani ɓangare nata. Jiki sai ya yi shela kaɗan, dakaru su fito atisaye, su haddace kamannin cutar. Ɗan zazzaɓin kwana ɗaya ko biyu shaidar wannan atisaye ne. Yaron da bai yi zazzaɓi ba shi ma allurarsa ta yi aiki.

Idan shela ta wuce kima fa?

Kowane abu da iyakarsa. Idan cuta mai ƙarfi ta sami jiki bai shirya ba, saƙonnin kan yi ambaliya. Jijiyoyi su riƙa yoyo, bugun jini ya faɗi, dakarun su shiga ɓarnar naman jikin da suka zo karewa. Haka yake faruwa a sanƙarau, inda kumburin rufin ƙwaƙwalwa ke jawo kurumta ko mutuwa. A annobar 1996, sanƙarau ya kama mutum fiye da 100,000 a Nijeriya, ya hallaka sama da 11,000. Bayan an fara allurar MenAfriVac a Nijar a 2010 da Nijeriya a 2011, nau'in sanƙarau na A ya kusa ɓacewa. A 2020 ma, likitoci a Birtaniya sun gano cewa deksametason, maganin da ke rage wannan ambaliya, ya rage mutuwar masu korona da ke kan na'urar numfashi da kusan kashi ɗaya cikin uku.

Ƙyanda kuwa dakarun kansu take kai wa hari. Binciken da aka wallafa a 2019 ya nuna tana iya shafe kashi 11 zuwa 73 cikin ɗari na kariyar da yaro ya tara, shi ya sa gudawa da ciwon haƙarƙari kan biyo bayanta.

Abin da ya kamata ku yi

• A ci gaba da shayar da yaro nono akai-akai, a rage masa tufafi masu nauyi.
• A ba shi farasitamol gwargwadon yadda ma'aikacin lafiya ya faɗa. Kada a ba yaro asfirin.
• Kada a murza wurin allurar ko a shafa masa wani abu. Ƙurjin allurar BCG zai warke da kansa ya bar tabo.
• Zazzaɓin allurar ƙyanda kan zo ne bayan kamar mako guda.
• A garzaya asibiti idan zazzaɓi ya wuce kwana biyu, ko yaro ya ƙi kama nono, ko ya yi jijjiga, ko numfashinsa ya yi wuya, ko ya kasa farkawa sosai. Mai yiwuwa zazzaɓin cizon sauro ne ko wata cuta.

Ku kai 'ya'yanku ranar haihuwa, da mako 6, 10 da 14, da wata 9 da 15. Ku adana katin rigakafi. Rigakafi ya fi magani.