Dalilan da suka sa rubuce-rubucen hannu na malaman Yahudawa ke da daraja

A watan Mayun 2023, kamfanin gwanjo na Sotheby's ya sayar da wani tsohon kundin littattafan Yahudawa masu tsarki a birnin New York a kan dala miliyan 38.1. Kundin, wanda aka rubuta da hannu a kan fata sama da shekaru 1,000 da suka wuce, ya samo sunansa ne daga David Solomon Sassoon, wanda ya saye shi a 1929, kuma ya tara rubuce-rubucen hannu fiye da 1,000 a rayuwarsa.

Masu tara irin waɗannan kayan tarihi ba su tsaya ga littattafai masu tsarki kaɗai ba. Suna kuma neman sharhohi, fatawoyi da wasiƙun da malaman Yahudawa, waɗanda ake kira rabbai, suka rubuta da hannunsu.

Tushen darajar waɗannan takardu na cikin addinin kansa. A shari'ar Yahudanci, haramun ne a goge ko a wulaƙanta rubutun da ke ɗauke da sunan Ubangiji. Idan littafi ya tsufa, akan ajiye shi a wani ɗaki da ake kira geniza, daga baya a binne shi a maƙabarta. Wasu al'ummomin Yahudawa kuma na ajiye rubutun malaminsu a gida don neman albarka.

Wannan al'ada ce ta adana taska mafi girma da aka sani a fannin. A wurin ibada na Ben Ezra da ke Fusɗaɗ, wato tsohuwar Alƙahira, an yi ƙarnuka ana zuba takardu a wani ɗaki ba a kwashe su ba, busasshiyar iskar Masar kuma ta hana su ruɓewa.

A 1896, wasu tagwaye mata 'yan Scotland, Agnes Lewis da Margaret Gibson, suka nuna wa Solomon Schechter, malami a Jami'ar Cambridge, wasu takardu da suka sayo a Masar. Ya gane cewa ɗaya daga ciki shafi ne na littafin Ben Sira a harshen Ibrananci, wanda aka daɗe ana zaton asalinsa ya ɓace. Kafin ƙarshen shekarar ya nufi Alƙahira, inda shugabannin Yahudawan birnin suka ba shi izinin kwashe takardun. A yau Cambridge na riƙe da guntaye kusan 193,000 daga wannan ɗaki.

A cikinsu akwai rubutun hannun Musa bin Maimun, babban malami kuma likita da aka haifa a Ƙurɗuba ta Andalus, ya rasu a Fusɗaɗ a 1204. Daftarin littattafansa na nuna wuraren da ya soke kalma ko ya sauya ra'ayi, abin da bugun ɗab'i ba ya nunawa. Ya rubuta yawancin ayyukansa da Larabci amma da haruffan Ibrananci, kamar yadda ake rubuta Hausa da haruffan Larabci a ajami.

Takardun sun kuma haɗa da yarjejeniyoyin aure, lissafin kasuwanci da wasiƙun fatake masu zirga-zirga tsakanin Tunusiya, Masar, Yaman da Indiya. Da su ne masanin tarihi S. D. Goitein ya rubuta mujalladai biyar kan rayuwar Yahudawa a ƙasashen Musulmi da ke kewayen Bahar Rum.

Wani abin da ya ƙara musu ƙima shi ne ƙarancinsu. A 1242 an ƙona ɗimbin kwafin Talmud, babban kundin shari'a da muhawarorin rabbai, a birnin Paris, haka kuma aka yi a Roma a 1553. Kwafi ɗaya tak na hannu da ya ƙunshi kusan dukkan Talmud na Babila ya tsira, wanda aka kammala a 1342, yana kuma ajiye a birnin Munich na Jamus. Da yake masu tace littattafai na Coci sun cire wasu sassa daga bugun ɗab'i, manazarta na komawa ga irin wannan kwafi domin tantance asalin lafazi.

Sai dai tsadar takardun ta zo da nata ƙalubale. Akwai jabu a kasuwa, sannan abin da ya shiga hannun attajiri kan iya ɓacewa daga idon masu bincike. Domin kauce wa tarwatsewar tarin Lewis da Gibson, jami'o'in Cambridge da Oxford sun haɗa kai a 2013 suka saye shi a kan fam miliyan 1.2.

Tun 1950 aka kafa wata cibiya a Isra'ila domin ɗaukar hotunan rubuce-rubucen hannu na Ibrananci a duk inda suke a duniya. Yanzu da yawa daga cikinsu na intanet, inda mai bincike kan iya haɗa rabin shafi da ke Cambridge da ɗaya rabin da ke New York, ya karanta wasiƙar a cike.